Shin addu'a a lakwal tana rage aikata laifi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko imani da yin addu'a a makaranta suna rage sata da kisa. A ganina imani yana hana mutum, amma addu'ar da aka tilasta wa yara a layi ba ita ce ke yin wannan aikin ba.

Duba Amurka. A 1962 Kotun Ƙoli ta hana addu'ar hukuma a makarantun gwamnati. Laifi ya ƙaru bayan haka, mutane suka ce ga dalili. To amma daga wajen 1991 laifin ya yi ta raguwa shekara da shekaru, addu'ar kuwa ba a maido da ita ba.

Mu nan Maradi masallaci a kowane lungu, yara na zuwa makarantar allo tun da asuba, duk da haka ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji na fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Talauci, rashin aikin matasa da makaman da ke ratso iyaka duk suna ciki.

Na san wani mai shago a unguwarmu da ya bi baƙo da gudu don ya mayar masa da canjin da ya manta. Na tambaye shi, ya ce a gida mahaifiyarsa ta koya masa tsoron Allah.