Littafin aljanu, na zane ko na tarihin rayuwa: wanne ya cancanci kuɗinku?

Saƙonnin wannan makon duk a kan littattafai suka taru, wataƙila don hutun makaranta ya ƙarato. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata tana aji biyu a babbar sakandare. Ta matsa mini in sayo mata wani littafin Turanci na yara masu sihiri da ta gani hannun ƙawarta. Babanta ya ce kada a kawo mishi littafin bokaye gida. Ni kuwa na fi son ganinta da littafi bisa ga waya. Dubu goma sha biyar na ware. Mi ad dabara? (Wata uwa, Tudun Wada, Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko kada ki sayo shi a ɓoye. Ranar da maigida ya tsince shi ƙarƙashin filo, da littafin da son karatun duk za su bi ruwa.

Ki bari sai ya ci tuwon dare ya miƙe ƙafa, ki tambaye shi cikin raha ko ya karanta Ruwan Bagaja yana yaro. Littafin ya fito a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, kuma labarin a Kwantagora ya soma, nan maƙwabtan Yawuri. Mutum ya fita neman ruwan magani, ya yi ta karo da aljanu. Gandoki ma daga yaƙin Turawa ya zarce ƙasar aljanu. A Magana Jari Ce kuwa tsuntsu ne yake tsare ɗan sarki da labari har ya zama waziri. Da irin waɗannan muka koyi karatu, ba mu ga wanda ya koma boka ba.

Amma tsoron maigida ba shirme ba ne. A namu labaran yaro ya san boka boka ne. A wasu na Turawa sihiri darasi ne da ake koyarwa a aji, har da jarrabawa. Yarinya mai shekarun ɗiyarki ta san tatsuniya in ta gan ta, sai dai ya fi kyau wani babba ya fara leƙawa. Ki sa ta aro na ƙawar tata na mako guda, ke ko yayanta ku karanta babi biyu ko uku.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne tarkon. Irin waɗannan littattafai ba su tafiya su kaɗai. Idan Harry Potter take nufi, guda bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, kuma wadda ta gama na ɗaya ba za ta bar ki ki yi barci ba sai an kawo na biyu. Ki tambayi kuɗin dukkansu kafin ki biya na farko. Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi wani littafin yaƙi na Hausa a tasha, kashi na ɗaya zuwa na uku. Na uku ya ƙare jarumi ya zare takobi, ifiritu ya buɗe baki, sai ga “mu haɗu a littafi na huɗu”. Sau biyar ina komawa wurin mai teburin, kullum sai ya ce kaya suna hanya daga Kano. Yau shekara goma sha wani abu takobin nan yana sama.

Da ni ne, sai in fara da Magana Jari Ce guda ukun, abin da ya rage a ajiye. In Turancin take so don jarrabawa, akwai Akata Witch na Nnedi Okorafor (2011), labarin wata yarinya zabiya a kudu maso gabashin Najeriya. Sai dai ki sani, tsafin da ke cikinsa na gida ne, da dodanni da komai, yana iya tayar wa maigida hankali fiye da na Ingila.

Tambaya: Malam, na ga littafin labari cikin zane a intanet, kuɗinsa ya ninka na sauran, kuma an ce awa biyu ka cinye shi. Wannan ba asara ba ce? Abokaina ma cewa suke na yara ne. (Ɗalibi, Aliero)

Amsa: Ƙanena, wanda ya cinye shi a awa biyu rubutun kawai ya karanta, ya bar rabin labarin a faranti. Ka ɗauki Persepolis na Marjane Satrapi, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 2000. Tarihin ƙuruciyarta ne a Iran bayan juyin juya halin 1979, baƙi da fari kawai. A shafin farko akwai hoton ’yan ajinsu a jere, kowacce da lulluɓi, ita kuma an yanke ta a gefe, ɗan hannunta kawai ake gani. Na fi minti biyar a kan wannan hoton. Ba na yara ba ne ko kaɗan. Akwai yaƙin Iran da Iraƙi, akwai kurkuku, akwai kuma suka ga masu mulki da sunan addini da rayuwar da ta yi a Turai, waɗanda ba kowa ne zai ji daɗinsu ba. Ka san wannan kafin ka biya.

In kana son abin da ya fi kusa da gida, ka nemi Aya na Marguerite Abouet (2005), labarin ’yan mata a unguwar Yopougon ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970. Mai launi ne, ga ban dariya.

Tsadar kuwa da dalilinta: takarda mai kauri, tawada mai yawa, kuma da dala ake shigo da su. Ku haɗa karo-karo ku huɗu a ɗaki, ku saya guda ya zagaya. Abin da zan hana ka shi ne bugun jabu. Littafin rubutu zalla ana iya lallaɓa shi ko ya dusashe, amma na zane in baƙin ya koma toka, fuskoki sun narke, kuɗinka ka zubar. In ya iso, ka buɗe tsakiya ka duba ɗaurin. Wanda aka manne da gam kawai, zafin Afrilu na Kabi ya ishe shi ya fara zubar da shafuka.

Tambaya: Malam, na yi ritaya, ina son karatu amma ba na son ƙarya. Tarihin rayuwar manya nake so. Da wanne zan fara? (Wani dattijo, Argungu)

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya sa a ci fansho lafiya. Sai dai a yi mini afuwa, mai labarin aljanu tun daga bango ya shaida maka ƙirƙira yake yi. Mai rubuta tarihin kansa shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Ga yadda nake gwada su a shago: in buɗe tsakiya in nemi wurin da marubucin ya ce ya yi kuskure, ko ya ji tsoro. In na juya shafi talatin ban samu ba, sai hotunansa yana gaisawa da manya, to na bikin ƙaddamarwa ne, sai in mayar da shi kanta.

My Life na Sardauna (1962) da Beckoned to Serve na Shehu Shagari (2001) duk sun cancanci karatu, in dai an tuna ’yan siyasa ne ke magana. Amma biyu nake fifitawa. Na ɗaya Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rubuta da Larabci a 1813, kuma akwai fassararsa ta Turanci. A ciki ya faɗi yadda ransa ya ɓaci da ya ga son duniya ya shiga jama’arsu, har ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, sai Kano ta tsayar da shi. Ba kowane babba ke iya rubuta wannan ba. Kai kuma da kake Argungu za ka karanta cin Birnin Kabi na 1805 daga bakin wanda ya jagoranci yaƙin. Ka fi ni sanin ba haka Kabawa ke ba da labarin ba. Ka karanta, sannan ka je gidan tarihi na Kanta ka ji ɗaya ɓangaren.

Na biyu Baba of Karo (1954), labarin wata tsohuwa Bahaushiya da ta ba Mary Smith da bakinta: aure-aure, kishiyoyi, harin bayi, zuwan Turawa. Ba ta neman ƙuri’ar kowa, shi ya sa take faɗin abin da manya ke tsallakewa.

Tambaya: Ana sayar da littattafai a WhatsApp ɗari biyar ɗari biyar. In saya? (Wata amarya, Talata Mafara)

Amsa: Amarya, in marubuciyar ce da kanta ke sayarwa, ki biya da zuciya ɗaya, amma ki tabbatar ta gama rubuta shi kafin ki tura kuɗi. In wani ne ya kwafo na mutane yana sayarwa, kayan sata ne, ki bar masa abinsa. Na zane kuma kada ki wahalar da idonki a waya, sai dai in kina da kwamfuta.