Amsa ga Malam: birki don doguwar gangara

Malam, ka ce birkin kekenka na tafiya lafiya a Legas, amma kana shirin gangarar dutsen Obudu da ke jihar Kuros Riba, kana tsoron ya saki. Tsoron yana kan hanya, domin a doguwar gangara zafi ne ke kashe birki.

Fara da faifan birki, wato faifan ƙarfen da ke jikin taya wanda birki ke kamawa, ya fi araha kuma ya fi tasiri. Cire mai milimita 160, sa 203 a gaba da 180 a baya, tare da adaftar da ta dace. Amma duba girman da fok ɗinka, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, zai ɗauka tukuna. Takalmin birki kuwa ka sa mai haɗin ƙarfe, na resin (mai haɗin ƙaro) yana saurin laushi idan ya ɗau zafi. Wasu faifan masu araha an rubuta musu na resin ne kawai, kada ka haɗa su da takalmi mai ƙarfe. In da hali, birki mai fistin huɗu a gaba, irin Shimano Deore M6120.

Man birki ne mutane suka fi sakaci da shi. Man DOT, nau'in man da wasu birkuna ke sha, yana zuƙar danshi, ga kuma iskar Legas, sai ya riƙa tafasa da wuri, ka ja hannun birki ya taɓo sitiyari ba kamu. Canza shi, a cire iska kafin tafiya. Amma birkin kamfanin Shimano man mineral yake sha, ba DOT ba. Zuba masa DOT zai lalata robobin ciki.

Sabon takalmi ka gwada shi a fili: gudu, ja birki da ƙarfi ba tsayawa cak ba, kamar sau 20. A gangara kuma kada ka riƙe birki ɗaram, ja ka saki ya huce.