Soson tawadata ya bushe, aka ce in zuba kalanzir, yanzu hatimaina sun kumbura

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Pantami, Gombe, ina yin katin gaisuwa na hannu: na barka da Sallah, na suna, na walima. Da hunturun nan ya shigo soson tawadata ya bushe ƙamas. Mai shagon da nake sayen kaya ya ce in ɗiga masa kalanzir, hatimi kuma in riƙa wanke shi da fetur don ya fita tas. Na yi. Yanzu hatimai biyu na roba sun kumbura, na garai-garai ɗin, wanda ake hango abu ta cikinsa, yana danƙo, rubutu yana fita da zagayen maiƙo, kwalin kuma sai wari. Ga shi na karɓi kuɗin kati 60 na walimar sauka, saura kwana tara. Ko barci ba na iya yi. Za su gyaru, ko na yi asara ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki yi barcinki, kwana tara sun ishi kati 60 har da ragi. Soson dai ya tafi, ki yar da shi. Hatiman ki wanke su da sabulun wanka da ruwa mai ɗumi, ki shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana uku zuwa huɗu. Roba takan ɗan koma idan man ya fice, amma siraran layuka ba kasafai suke dawowa daidai ba, don haka ki gwada a kan guntun kwali kafin ki amince da su. Na garai-garai ɗin, idan fuskarsa ta ci gaba da danƙo ko ta fara tsagewa, ki haƙura da shi.

Sai maganar kalanzir, wadda na gaji da jin ta. Kusan duk hunturu sai an zo min da soso mai warin risho, kuma labarin ɗaya ne: wai mai shago ne ya ce, wai wata a guruf ɗin WhatsApp ta ce ta gwada ya yi. Na san inda maganar ta samo asali. Masu injin buga takardu da masu buga riguna suna aiki da tawada mai mai, suna wanke kayansu da kalanzir ko tina, robar injinsu kuma an ƙera ta ne don ta jure hakan. Wani ya leƙa shagonsu ya gani, ya ɗauka duk tawada ɗaya ce, ya dawo yana raba fatawa a bakin kanta.

Tawadar da ke cikin yawancin sosunan da muke amfani da su ta ruwa ce, da ɗan gilisarin ko danginsa da ke hana ta saurin bushewa. Kalanzir ba ya haɗuwa da ruwa. Abin da kika gani kamar soson ya farfaɗo, man ne kawai ya jiƙa shi ya kwaso ragowar launin sama. Da ya sauka a kwali sai launin ya tsaya wuri ɗaya, man ya ci gaba da bin takardar, shi ne zagayen da kike gani, kuma ba ya fita. Ita kuwa roba shan fetur da kalanzir take yi ta kumbura. Ko bakanike ba ya ɗaura tiyon ruwa a layin fetur saboda wannan dalilin.

Asarar hatimi ma ba ita ta fi damuna ba. Ina kike wannan aikin? A ɗaki, da sanyin nan, taga a rufe, ƙila ga kaskon turaren wuta a lungu ko gawayin jin ɗumi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ba kya ganinsa, yana iya tafiya har inda garwashin yake ya kama, wutar ta biyo shi zuwa kwalbar da ke gabanki. Sanyi bai hana shi, domin fetur yana fitar da tururin da ke kamawa ko da a digiri 40 ƙasa da sifili ne, balle sanyin Gombe. Ga kwali jibge, ga labule, ga mayafi. Mai shagon da ya ba ki shawara ba ya nan ranar.

Sannan a me kika zuba kalanzir ɗin? In ba na manta halinmu ba, a robar lemo ko ta ruwa. Yaro mai rarrafe ba ya tambaya, ɗagawa yake ya sha. Idan, Allah ya kiyaye, hakan ta faru, kada a tura masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai ne ke kai man cikin huhu, kuma a nan haɗarin yake. A ɗauke shi a tafi asibiti mafi kusa nan take, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ki fitar da kwalaben nan daga ɗakin yau, ba gobe ba. Haka ruwan goge jan farce da sifirit, kada su taɓa hatimin garai-garai, busar da shi suke yi ya tsage.

Idan sabon soso ya fara bushewa, maganinsa na gaskiya tawadar ƙari ce ta kamfaninsa. In babu, kuma tawadar ta ruwa ce, gilisarin zalla da ake sayarwa a kemis don kaushin hunturu zai yi: ki gauraya shi da ruwa kaɗan, ɗigo biyar zuwa shida, ki baza da bayan cokali, ki rufe ya kwana. Launin zai ɗan yi haske. Ki duba sunan da ke jikin soson tukuna. Memento ta ruwa ce, VersaFine mai mai ce, StazOn kuma tana da nata ruwan narkarwa da na wankewa, duk da kamfani ɗaya ne ya yi su, Tsukineko na Japan. Biyun ƙarshe ba a sa musu ruwa ko gilisarin. Da kin buga ki mayar da murfi, da dare ki ƙulle a leda, na ruwan ki kife shi don tawadar ta sauko fuska.

Ga wannan odar, ki guji soson ofis mai shuɗi ko ruwan hoda. Na rasit ne, rana tana cin launinsa, katin sauka kuwa ajiyewa ake yi shekaru. Tawadar allo ma kada ta ba ki sha'awa don aikin na sauka ne. Da ƙaro ake haɗa ta don ta wanku, a kan roba taruwa take yi ɗigo-ɗigo, kuma hannu mai gumi zai goge ta. Kwali ki nemi mai kaurin da masu shago ke kira giram 250 zuwa 300, marar sheƙi. Mai sheƙin nan ba ya shan tawadar ruwa, sai ta kwana tana gogewa. Ra'ayina kuma, kada ki buga aya a katin da za a raba wa jama'a, wasu a ƙasa suke ƙarewa. "Barka da sauka" da sunan ɗalibi da zayyana a gefe sun wadatar.

Gobe ki sayo soso da kwali, bayan hatimanki sun bushe kuma ki kai zanenki wurin masu yanka hatimi idan ba su dawo ba. Ki buga gwaji a guntaye, bayan minti goma ki murza da babban yatsa. In bai goge ba, ki yanka 70 don waɗanda za su karkace. Katunan da suka riga suka sha kalanzir kada ki cusa su cikin odar, warin zai kama sauran a cikin ambulan.