Baurairai: dalilin da ba ma ba da shi a sha

Ka ce ka ji ana fitar da ƙwayar ciwon gaɓa ta asibiti daga baurairai, kana tambaya ko mu ma masu maganin gargajiya za mu riƙa dafa saiwarsa mu bai wa masu sanyin ƙashi. Abin da ka ji gaskiya ne, ɗana. Amma a sha kam, a'a, ko cokali guda.

Fara da gane shi tukuna. Da damina yake tsirowa, yana yaɗo. Bakin ganyensa siriri ne, yakan nannaɗe kamar ƙugiya ya kama ciyawar da ke kusa ya hau. Furen kunnuwa shida ne masu murɗaɗɗen gefe, sun juya sama kamar harshen wuta, gindi rawaya, kai ja. Saiwar fara ce a ciki, kaurinta kamar babban yatsa, reshe biyu da suka haɗu a kusurwa kamar ƙota da ruwan gatari, shi ya sa wasu ke ce masa gatarin kurege. Masana tsirrai suna kiransa Gloriosa superba, kuma shi ne furen ƙasar Zimbabuwe. Da rani yaɗon ya bushe, saiwa kaɗai ta rage, mai haƙa sai ya ɗauka rizga ce ko 'yar doya. A Indiya da Siri Lanka an sha kwantar da mutane a asibiti kan wannan kuskuren.

Magabata a Afirka da Indiya sun yi aiki da shi. Ruwan ganyen ana kashe ƙeya da kwarkwata da shi, ana niƙa saiwar a shafa a gaɓa mai ciwo, wasu na ba mata don tayar da naƙuda. An kuma sa shi cikin dafin kibiya, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi hattara.

Abin da ke cikinsa sunansa kolcisin. A 1820 wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka fara tace shi daga wani tsiro na Turai. Yanzu a jihar Tamil Nadu ta Indiya gonaki guda ake shukawa na baurairai domin 'ya'yansa, don sun fi saiwar yawan sinadarin. Aikin kolcisin shi ne hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa, da hana fararen ƙwayoyin jini tururuwa zuwa gaɓa. Da haka yake kwantar da gawut, ciwon nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare har zane ma ba ya taɓuwa. Lura, gawut na ce. Ba kowane ciwon gwiwar tsufa yake yi wa magani ba.

To, ga lissafin. Ƙwayar asibiti rabin miligiram ce, ko 0.6. Likitoci sun ga cewa idan mutum ya sha fiye da rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyinsa, ransa na cikin haɗari. Mai kilo 60, miligiram 30 ke nan. A ce saiwa na ɗauke da kashi 3 cikin 1,000, abin da an samu a gwaji: giram 10, guntun da bai wuce yatsa ba, ya ba ka miligiram 30, daidai da ƙwaya 60 a zama ɗaya. Ƙarfin kuma ba ɗaya ba ne, ta wannan daji daban, ta wancan daban, ga shekarun tsiron, ga lokacin haƙa. Da wane cokali za ka auna wannan? Tafasawa ba ta karya dafin, shanyawa ma haka. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira kilaritoromaisin, kaɗan ma ya ishe shi, don jikinsa ba ya fitar da shi da wuri.

Inda 'yan sana'armu suka fi ruɗuwa shi ne alamun farko. Awa 2 zuwa 6 bayan sha, baki da maƙogwaro su ɗau zafi, amai da gudawa su ɓarke, sai ka ji ana cewa ai cutar ce ke fita. Ba ita ba ce, hanji ne ke saɓulewa. Wani ma ya ɗan ji sauƙi, a koma gida. Kwana 1 zuwa 3 ƙoda da hanta da zuciya su fara gazawa, ɓargo ya daina yin jini. Wanda ya tsira, bayan mako ɗaya zuwa uku gashin kansa ya zube. Mai ciki da aka ba don naƙuda, ita da ɗan duka ake sa wa a haɗari.

Idan aka kawo maka wanda ya ci, kada ka tsaya ba shi madara ko manja. Asibiti nan take, ko da yana tafiya da ƙafarsa, a tafi da ragowar saiwar, a faɗi lokacin da ya ci. Babu makarinsa a kanti. Abin da suke yi shi ne gawayin asibiti idan an zo da wuri, da ƙarin ruwa, da duba jini kullum.

A rumfa kuma, in har an ajiye shi, jakarsa daban da rubutu a jiki, a rataye sama inda yara ba sa kaiwa. Turmin da ya taɓa shi ba a daka maganin sha a ciki. Ruwansa kan sa fata ƙaiƙayi, don haka kada ya hau gyambo ko kan yaro, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki goro.