Sunan furen nan rawaya na ƙasar Habasha

Malam, furen da ka ce ka gani a hotunan Habasha, rawaya shar ya rufe tsaunuka kamar an shimfiɗa darduma, kake tambayar sunansa na kimiyya, Bidens macroptera ne. Su can Adey Abeba suke ce masa da Amharanci, abeba ɗin nan fure yake nufi, shi ne dai wanda ke cikin sunan Addis Ababa.

Ba shuka shi ake yi ba fa, da kansa yake fitowa a daji da gefen gonaki idan damina ta zo ƙarshe, wajen watan Satumba, shi ya sa ya haɗu da sabuwar shekararsu ta 11 ga Satumba, ranar za ka ga 'yan mata sun tsinko shi suna bi gida gida suna waƙa, sannan a bikin Meskel, wato bikin Kiristocin can na tunawa da gano gicciye, na 27 ga watan ma da shi ake ado. Gaskiya furen nan yana burge ni sosai.

Ita kalmar Bidens Latin ce, wai haƙora biyu, saboda 'ya'yan irin wannan dangi suna da 'yan ƙayoyi a kai. Ka san ciyawar nan da in ka ratsa gona baƙaƙen 'ya'yanta sirara suke maƙale maka a ƙafar wando sai ka zauna kana cira ɗaya ɗaya? To Bidens pilosa kenan, 'yar uwarsa ce. Dukkansu dangin Asteraceae ne, gida ɗaya da sunfulawa.