Me ya sa ƙamshin daddoya ke gudu daga miya?

'Yar'uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru, kin ce kina sayo daddoya da faski da seleri, amma kafin miya ta nuna ƙamshi ya gudu, ragowar kuma kafin gari ya waye ta yi yaushi.

Tun farko kike zuba su, ina kyautata zato. Ƙamshin ganye mai laushi wani ɗan mai ne da zafi ke kora, don haka daddoya, faski da na'ana'a sai kin kusa sauke tukunya: ki yayyaga da hannu, ki watsa, ki rufe minti 2. Seleri da lawashi suna jure wuta, su za ki soya da albasa. In kifin Binuwai za ki gasa kuwa, daka faski da tafarnuwa da citta da attaruhu, ki tsattsaga jikin kifin ki cusa, ya ɗan kwanta kafin ya hau garwashi.

Ajiya fa? A watan Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, ganye a ƙulle cikin leda dahuwa yake. Tsoma kararen cikin kofin ruwa, ki ajiye a gindin randa. Daddoya dai kada ta shiga firij, baƙi take yi.

Wanda za a ci ɗanye a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, don ba kowane lambu ake bayi da ruwan kirki ba. In akwai mai shan maganin tsinka jini a gidan, a tambayi likita kafin a yawaita faski, saboda bitamin K da ke cikinsa.