In hadari ya taso muna tsakiyar dutse, ya za mu sauko?

Tambaya: Salam Malam. Mu nan Damagaram muna ɗan koyon hawa da igiya a duwatsun wajen Birni, amma gajeru ne. In mun je babban dutse muka yi zango uku ko huɗu sama, sai hadari ya taso ko abokina ya gaza, ya za mu sauko lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rapel za ku yi, wato zamewa ƙasa a jikin igiya, zango bayan zango, kuma ka sani da yawa daga cikin masu mutuwa wajen saukowa ba igiya ce ke tsinke masu ba, ƙarewa take a hannunsu suna rataye. Igiya mai mita 60 in ka ninka ta biyu mita 30 kaɗai za ta kai ka, to kafin ka jefa ta ƙasa ka ƙulla ƙulli a bakin kowane sili. Brad Gobright, gwani ne ɗan Amurka, haka ya rasu a Meziko a 2019, igiya ta zare mai don ba ƙulli a ƙarshenta. In wannan kaɗai ka riƙe ma na gode Allah.

Sai maƙalin da za ka rataya. Wuri biyu ake so, kar ka dogara ga ɗaya. Tsohuwar igiyar da ka tarar wani ya bari ta yi fari ta yi ƙiriri, rana irin tamu ta cinye ta, yanke ta ka sa taka, ka bar muskito, wato ƙugiyar ƙarfe mai buɗewa da ake zura igiya ciki, ko zobe a wurin ka tafi, kar ka tsaya lissafin jikka nawa ka saye shi. Mutane da yawa rowar ƙarfe ɗaya ce ta kai su.

Ka ɗaura mashar, wato 'yar siririyar igiya da ake naɗawa a jikin babbar ƙasa da ƙarfen da kake zamewa da shi, in dutse ya buge ka hannu ya saki ita za ta cije. Kafin ka kwance daga maƙali ka sake nauyinka duka kan igiyar ka gani, in ka isa zango na ƙasa kuma ka fara ɗaure kanka a maƙali tukun sannan ka cire igiyar, kar a samu ko daƙiƙa ɗaya da ba ka ɗaure da komai.

In igiya biyu kuka haɗa, ƙulli mai sauƙi na sili biyu tare, a matse shi sosai a bar wutsiya kamar santimita 30, ku tuna wace kala za ku ja don sauko da igiyar bayan kun sauka. Ku kwance ƙullin baki kafin ja, in ba haka ba za ta maƙale can sama ku yi zaune. Kask, wato hular kwano, kuma kar ya bar kanku, jan igiya na zubo da tsakuwa.

Ku fara gwada duk wannan a ƙaramin dutse nan gida tare da wanda ya iya, har hannu ya saba.